Furfurar mota: abin da na sha kafin robobin motata su koma baƙi

Ƙanwata ce ta fara raɗa wa abin suna. Ana saura kwana uku a kai amaryar 'yar yayanmu, cikin watan Disamba, muna zaune a gidanmu na Tudun Wadar Zariya ana lissafin motocin da za su yi rakiya, sai na ce ai tawa tana nan. Ta leƙa ƙofar gida, ta dawo tana dariya ta ce, "Yaya, motar nan taka fa ta yi furfura. A bar ta a baya ta kwaso su Gwaggo, tsufa ya ɗauki tsufa." Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma maganar ta kwana a raina.

Motar Honda CR-V ce ƙirar 2005, na saye ta a hannun wani da ya hau ta ya gaji. Injinta lafiya ƙalau, fentin jikinta ma bai ji jiki ba. Sai dai ita wannan ƙirar baƙar roba marar fenti ta yi mata yawa: bambar gaba, bambar baya, layin da ya bi ƙasan ƙofofi, bayan madubin gefe, da faffaɗar robar nan da ke kwance a ƙarƙashin waifa. Dukansu sun tashi daga baƙi sun koma ruwan toka, wasu wuraren har sun yi fururu kamar ƙafar yaron da ba a shafa wa mai ba a hunturu. Laifin kuwa nawa ne. Shekara shida motar tana wuni a fili a wurin aikina a Samaru, ta dawo gida ta kwana a waje, ranar hutu ta sake wuni a rana, don ban taɓa kafa mata rumfa ba.

Washegari na kai ta wajen wankin mota da nake zuwa a kan hanyar Kongo. Na nuna wa yaron da ke yi min wanki, ya ce, "Oga, wannan ai ƙaramin aiki ne, ƙara ɗari biyar kawai." Bayan ya gama wanki ya ɗauko gorar man da suke shafa wa taya, ya jiƙa soso ya bi robobin ɗaya bayan ɗaya. Minti goma bai cika ba mota ta fito tana sheƙi kamar yau aka sauke ta daga tirela. Har kyautar ɗari biyu na ƙara masa. Ranar biki ban yarda an bar ni a baya ba. Amma iskar hunturu ba ta san biki ba. Kwana biyu tsakani na fito da safe na tarar ƙura ta bi duk inda man ya taɓa ta manne, bamba ta koma ja-ja kamar bangon ƙasa, na sa yatsa na ja sai ga caɓi. Aka wanke, furfura ta dawo yadda take. Sau uku ina biyan ɗari biyar ɗin nan, daga baya ma na sayi gorar man da kaina a kan 2,500 wai don in rage asara. Sai da gorar ta kai rabi na yarda cewa man nan sheƙi yake sayarwa, ba baƙi ba. Roba in ta jiƙe da kowane irin abu takan yi duhu, ko da ruwan famfo ne, kuma duhun yana tafiya ranar da jiƙon ya tafi.

Daga nan na kai kukana majalisarmu ta bayan isha'i, inda kowa likita ne. Wani ya ce man gyaɗa, wani ya ce baƙin mai na juye, wani ya ce basilin, wani ya rantse da man goge takalmi, wani kuma ya ce shi man birki yake shafa wa tasa. Na gwada man gyaɗa a bambar baya, da safe na tarar da jerin tururuwa, da rana kuma wari kamar kaskon mai ƙosai. Man takalmi kuwa, na ɗari takwas, shi ya fi ci min rai. Ya yi baƙi, ba laifi, amma ranar Juma'a na jingina da bayan mota ina ciro darduma daga but, ina ɗagowa sai ga baƙin zane a gaban farar shaddata. Mai wanki ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har yau in an duba da kyau ana ganin inuwar wurin. Man birki ne kaɗai Allah ya tsare ni da shi, don na fara tambayar makanikena. Bai ce min komai ba, ya ɗiga kaɗan a kan wata tsohuwar ƙofar mota da ke jingine a garejinsa, ya ce in dawo gobe. Na dawo na ga fentin wurin ya yi laushi ya kumbura, ana sa farce yana tashi. Man birki yana cin fenti, kuma ita roba a jikin mota ko'ina maƙwabciyar fenti ce.

A watan Fabrairu wani abokin aiki ya nuna min bidiyo a waya: mutum ya riƙe wuta yana bi da ita kan bamba, duk inda harshen wutar ya wuce sai baƙi ya fito kamar ana share allo. Ya ce akwai mai yin haka a wani gareji ta wajen Kwangila. Na je ranar Asabar ƙarfe tara na safe, aka ce maigidan ya fita sayo gas. Na zauna a kan benci ina kallon yara suna buga ƙofar wata bas, na sha shayi, na yi azahar a masallacin garejin, sai wajen ƙarfe biyu ya iso. Muka daidaita a kan dubu huɗu. Ya kunna wutar walda ya rage ta, ya fara daga bambar gaba. Gaskiya in kana tsaye a wurin sai ka ɗauka siddabaru ne. Yaran gareji suka taru, ni ma har da ɗaukar bidiyo. Yana tsakar aiki wayarsa ta yi ƙara, ya juya kai daƙiƙa biyu ko uku, hannunsa ya tsaya wuri guda kusa da fitilar ƙasa ta dama. Wurin ya narke ya yi sulɓi kamar an goga dutsen guga a kan leda, ƙananan ƙurajen da ake yi wa robar tun daga kamfani suka shafe, gefen kuma ya ɗan lanƙwashe. Ya ce, "Alhaji, ba komai, ba mai lura." Ni kuwa in na tunkari motar ba abin da nake fara gani sai nan. An tafi neman gira an taɓa ido.

Da a ce baƙin ya zauna da na haƙura. Kafin ƙarshen Afrilu, da zafin bazara ya kankama, furfurar ta dawo, kuma ba ta dawo bai ɗaya ba. Ta dawo layi-layi, inda wuta ta daɗe da inda ta wuce da sauri kowanne da launinsa, bamba ta zama kamar bayan kura. Robar ƙarƙashin waifa kuma ta bushe ta yi ƙaras, har ta tsage a gefe ɗaya ranar da na danna ta ina wanke gilashi.

A lokacin ne ƙanin matata, wanda ya karanci ilimin sinadarai a ABU, ya zo gaishe mu, ya tarar da ni tsugune gaban bamba. Ya ce, "Yaya, ka taɓa zama a tsohuwar kujerar roba ta 'yan haya, ka tashi ka ga farin gari a bayan rigarka?" Na ce sau nawa. Ya ce to ciwo ɗaya ne. Yawancin waɗannan robobin na jikin mota da irin robar kujerun ake yin su, wadda ake kira folifrofilin, ana cuɗa ta da baƙin gari na kabon tun tana narke. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, shi ne ke tsinka ƙwayoyin robar a saman fatarta, iska kuma ta ƙarasa aikin. Fatar sai ta farfashe ta yi ƙananan tsagu da ido ba ya iya rarrabewa, haske ya riƙa tarwatsewa a kanta, mu kuma mu ga toka. Can ciki baƙin yana nan daram. Ya ce abin da wuta ke yi shi ne ta narka wannan mataccen saman ya sake haɗewa na ɗan lokaci, shi ya sa ake ganin baƙi nan take, amma ba ta ƙara wa robar komai ba, illa ma ta gasa ta. Irin wannan roba tana narkewa a wajen digiri 160, harshen wutar walda kuwa ya ninka haka sau da yawa, don haka tsakanin gyara da ɓarna ƙiftawar ido ce. Shi ya ba ni shawarar in nemi tsohon mai fenti, ba mai sauri ba.

Aka yi min kwatancen wani dattijo a Sabon Gari, a wani lungu bayan masu sayar da kayan mota. Na je sau biyu ban same shi ba, a na uku na tarar da shi yana goge bonet ɗin wata tsohuwar Peugeot da samfefa da ruwa. Ya zagaya motata bai ce uffan ba, ya shafa bamba da tafin hannu, ya shinshina, ya dube ni. Bazazzagi ne na asali, zan bar maganarsa yadda ya yi ta: "Malam, motan nan mai ya sha, wuta ya sha, abu ɗaya ne bai sha ba, sabulu." Na ce, "Baba, ai duk mako ana wanke ta." Ya ce wankin ƙura daban, wankin mai daban. Ya kira yaronsa ya ɓalle wani ɗan murfi daga bambar, ya juya bayansa ya nuna min wasu haruffa da aka zana a jikin robar, PP, wato folifrofilin ɗin nan, a tsakanin alamu biyu masu kama da bakin kibiya. Ya ce duk robar mota tana da irin wannan tambari a baya, wata PP, wata ABS, kuma shi ba ya taɓa fesa fenti sai ya duba. In PP ce fenti ba ya kama ta haka kawai, sai an fara fesa wani ruwa na musamman mai sa fenti ya riƙe, in ba haka ba wata biyu ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin bambobi a gari suna kuturta.

Na ɗauka zai ce in kawo duka ya fesa, don nan ne kuɗinsa yake. Sai ya raba aikin biyu. Ya ce robar ƙarƙashin waifa da bayan madubai da kusurwar da ta ƙone, waɗannan sun wuce magani, sai fenti. Amma bambobi da layin ƙofofi, in ya fesa musu fenti, duk ranar da mai acaɓa ya goge ni a PZ ko dutse ya tashi a hanya, fentin zai kwarzane ya bar tabo. Gara in nemi irin ruwan da ke rina roba, wanda ke shiga cikin tsagun nan ya zauna, in shafa da hannuna. Ya ce shi ba ya sayarwa, amma ya ga masu amfani da shi.

Neman ruwan nan ya ci min Asabar guda cur. Na bi shagunan kayan mota na Sabon Gari ɗaya bayan ɗaya, kowa na tambaya sai ya miƙo min gora mai hoton baƙar taya yana cewa, "Oga, wannan shi ne orijina." Dabarar da ta cece ni ita ce farin tsumma da na tafi da shi a aljihu. Duk wanda ya yarda, sai in ce ya ɗiga min ɗigo ɗaya. Wanda ya fito fari kamar madara ko garau kamar man girki, yana santsi a yatsa, to ɗan'uwan na wajen wanki ne. Abin da nake nema shi ne wanda zai baƙanta tsumman kamar tawadar allo. Akwai kuma wani iri na uku da ƙanin matata ya gaya min, mai suna siramik, shi garau yake amma yana bushewa ya yi tauri kamar siririn gilashi a kan robar, sai dai ya fi tsada kuma ba ya yafe kuskure. A ranar dai ban samu ko ɗaya daga cikin biyun ba. A ƙarshe wani mai shago ya haɗa ni da mai sayarwa a Legas ta WhatsApp. Kafin in tura ko kwabo na sa ya ɗauko min hoton gorar gaba da baya, na tura wa ƙanin matata ya karanta, na kuma sa ya yi min bidiyo yana ɗiga ruwan a kan farar takarda. 'Yar gora ce da ba ta kai kofin shayi ba, 18,000, kuɗin aikowa 3,500. Da na ji farashin sai da na yi shiru, amma na tuna araha ba ta ado, kuma na riga na gani da idona. Na yi tiransifa, na adana rasit, ya turo min lambar direba. Kwana huɗu ina jira, zuciyata tana raya min an damfare ni, sai ga kira daga tasha cewa in zo da katin shaida in karɓi saƙo.

Na fara da kai wa Baba nasa kason. Yaronsa ya cire waifa, ya zare robar ƙasansu, ya kwance bayan madubai. Wajen cirewa maɓallan roba shida suka karye, don su ma rana ta gama da su, na sayi sababbi a kan dubu biyu. Wanda zai yi wannan aiki ya sa kuɗin maɓallai a lissafi tun farko, ba makawa sai sun karye. Baba ya liƙe tsagar ta baya, ya wanke komai da omo, ya bi da samfefa mai laushi sama-sama, ya goge, ya fesa ruwan riƙon nan siriri, sannan baƙin fenti marar sheƙi hawa uku, yana barin kamar minti goma tsakanin hawa da hawa. Na ce me zai hana ya yi hawa ɗaya mai kauri mu huta. Ya ce, "Mai kauri hawaye yake yi." Kusurwar da ta ƙone a jikin mota ya fesa ta, bayan ya rufe kewayenta da tsofaffin jaridu. Na bar motar ta kwana a wurinsa, na hau Keke na koma gida. Aikinsa da kayansa duka 15,000.

Nawa kason na sa shi ranar Asabar ta biyu a watan Mayu. Na roƙi maƙwabcina aron rumfar motarsa ta kwano na kwana ɗaya, don takardar gorar ta ce kada a shafa a rana ko a kan roba mai zafi. Kayan da na tanada: omo, buroshi mai tauri na ɗari bakwai, tsohon buroshin goge baki, sifirit kwalba biyu daga kemis a kan 1,500, salatif na takarda irin na masu fenti a kan 1,200, safar hannu ta ɗari biyar, da tsofaffin singileti masu tsabta da na yayyanka. Ina idar da asuba na fara.

A nan ne na gane maganar Baba. Wankin farko ruwan da ya sauko baƙi-baƙi ne mai maiƙo, wato man taya da man gyaɗa da man takalmi na wata biyar suna fitowa. Na biyu ya fito ruwan toka, mataccen saman robar ne ke bin buroshi. Sai a na uku kumfa ta sauko fara. Awa biyu da rabi ina durƙushe, bayana kamar zai balle, kuma abin da zai ba mutum tsoro shi ne bayan ta bushe robar ta fi da muni, fari fat, babu sauran abin da ke rufa mata asiri. Uwargida ta fito da kunu ta tsaya ta ce, "Maigida, gyara kake yi ko ɓatawa?" Na ce ta dawo da azahar. Akwai kuma wasu fararen tabo a gefen layin ƙofa da sabulu ya kasa, ashe ragowar man goge fenti ne da ya maƙale a cikin ƙurajen robar tun shekarun baya. Kilinar fensir ta ɗana ce ta fitar da su, ban san dalili ba amma ta yi. Na bar komai ya bushe awa guda, na bi lungu-lungu da tsumma saboda ruwan da ke ɓuya a bakin ƙarfe, sannan na goge duka da sifirit har tsumma ya daina ɗaukar launi. Duk abin da na yi ta shafawa a watannin baya kitso ne a kan ƙwarƙwata.

Na bi gefen fenti da fitilu da salatif, wannan ma ya ci minti arba'in. Na fara gwaji a ƙasan bambar baya inda ba mai gani, na jira, na ga bai yi wani abin tsoro ba. Shafawar kanta ita ce mafi sauƙi a duk aikin. A girgiza gora sosai, a ɗiga kaɗan a soso, a shafa siriri a wuri kamar faɗin tafin hannu uku, a bar shi minti biyu zuwa uku, a bi da busasshen tsumma a kwashe abin da robar ba ta sha ba. Kwashewar nan kada a yi mata ganganci. A wuri ɗaya na shagala da hira da maƙwabcin nawa, na bar shi ya daɗe, ya bushe da shatin soso, sai da na sake jiƙa wurin da ruwan kafin ya daidaita. Inda ya taɓa fenti kuwa na goge nan take ya fita. Inda ya taɓa wuyan hannuna, sama da safar, kwana uku ina yawo da shi. Bambar gaba mai layin kura sai da ta sha hawa biyu kafin layukan su ɓace, sauran hawa ɗaya ya ishe su. Baƙin da ya fito ba mai walƙiya ba ne, baƙi ne mai nutsuwa irin na sabuwar roba, ka shafa hannu ba maiƙo. Uwargida ta dawo, ta zagaya, ta ce a kira ƙanwar nan tawa a waya.

Takardar ta ce a nisanta shi da ruwa na wasu awanni, ni na ƙudura kwana ɗaya cur. Wajen la'asar sakaliya sai ga hadari ya taso daga gabas, irin na farkon damina mai fara wa da guguwa. Rumfar ba ta da bango. Ni da ɗana da maƙwabci muka ɗaure tamfol a gefen da iska ke bugowa, muka danne ƙasansa da bulo, muna riƙe da igiya ƙura tana shiga mana ido. Aka yi yayyafi na minti goma ya wuce. Da na san haka da na yi aikin a watan Oktoba ko farkon Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauko. A Zariya wannan ɗan tsakanin shi ne lokacin irin wannan aiki, don hunturu ƙura ce, bazara roba tana zafi tun hantsi, damina kuwa ba ta da alƙawari.

Motar ta ci damina guda a haka, ana wanke ta duk mako, ba abin da ya zuba. Wajen wata na shida saman bambar baya, inda rana ke duka kai tsaye, ya fara dusashewa kaɗan, gefuna kuwa suna nan. Na wanke, na goge da sifirit, na ƙara hawa ɗaya, minti talatin na gama, kuma har yanzu akwai fiye da rabin gorar. Don haka kada wani ya ce maka sau ɗaya ake yi a huta har abada, ranar da ta ci na farko tana nan tana fitowa kullum. Fentin Baba bai ɓare ba ko kaɗan.

Da na zauna na yi lissafi, abin da ya yi amfani ya tashi 42,400. Abin da na zubar a man taya da man takalmi da wuta 8,800 ne, ban da shadda, ban da kusurwar bamba. Farashi yana motsi kullum, don haka a ɗauki waɗannan a matsayin kwatance. Da zan sake daga farko, da sabulu da buroshi zan fara kafin in kashe ko sisi, don sai robar ta fito tsirara ake sanin wadda rini zai ishe ta da wadda sai fenti. Wadda ta tsage ko take marmashewa a hannu ma gara a nemi wata a wajen masu kayan gwanjo. Wuta kuwa ba zan sake bari a kusanto da ita ba, ko da na'urar hura zafi ce ba ta walda ba. Sannan a bambance roba da roba. Lallausar da ke bakin ƙofa da gilashi ta danƙo ce, ba a rina ta, ita ce ma man silikon ya dace da ita. Kuma kowane irin mai ne, kada a bari yaron wanki ya kai shi kan sitiyari ko fedar birki ko matakin hawa, santsinsa ba abin wasa ba ne. Masu rufe mota da tamfol su lura kada su rufe ta da ƙura a jiki, iska na kaɗa shi yana goge fenti kamar samfefa. Ni dai na bi hanya mai tsawo, na kira kafinta ya kafa min rumfar kwano a ƙofar gida, a wurin aiki kuma na koma ajiye ta ƙarƙashin wata darbejiya, tsuntsaye suna yi min nasu aikin amma wannan ruwa yana fitar da shi.

Kusurwar da ta narke tana nan. Fenti ya rufe launinta amma bai dawo da ƙurajen ba, in rana ta karkata da yamma sai wurin ya ɗan yi ƙyalli shi kaɗai. Yaron wankin kuma har gobe in ya gama sai na ga hannunsa ya nufi gorar man taya, in daka masa tsawa daga kan benci, ya yi dariya ya ce, "Oga, na manta, taya kawai." Makon jiya wani mai mota ƙirar Vibe da ke jiran layi ya taso ya shafa bambata, ya duba tafin hannunsa, ya tambaye ni wane mai nake sa mata. Na ce ya zauna, labarin da tsawo, ya fara gaya min ko an taɓa sa wa tasa wuta.